Fashin baƙi: Wa ke riƙe da ƙwallon yaran Mathare, masu ba da tallafi ko masu aikin sa kai?

Tun da Bob Munro ya rasu a watan Janairun 2025 ake ta jan magana kan ƙungiyar wasannin matasa da ya kafa a unguwar Mathare da ke Nairobi, babban birnin Kenya, wato Mathare Youth Sports Association, wadda kowa ya fi sani da MYSA. Magana biyu ce ta fi yawo. Wasu na cewa ai Bature ne ya zo da kuɗinsa ya ceci yaran talakawa, tunda ya tafi shi kenan sai dai tarihi. Wasu kuma kallon akadami suke mata, wurin da ake ƙyanƙyashe 'yan ƙwallo a tura su Turai, don haka sai su ƙirga 'yan wasa nawa suka fita waje su ce wannan ne ma'aunin nasararta. Ni dai a ganina duka biyun ba su taɓa ainihin abin ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, ƙungiyar da ta kusa shekara 40 tana shirya wa dubban yara wasa kowane ƙarshen mako, wa ke ɗauke da ita a zahiri, kuma me yake rusa irinta?

Da farko, me ake nufi da ƙungiyar sa kai?

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai kulob ɗin ƙwararru, inda ɗan wasa ke da kwantiragi da albashi. Akwai akadami, inda ake tace yara a ɗauki masu baiwa a horar da su, mafi yawa da fatan wata rana a sayar da su ko iyayensu su riƙa biyan kuɗin horo. Sai kuma ƙungiyar unguwa ta sa kai, wadda ba ta tace kowa, duk yaron da ya haɗa abokansa suka yi tim za a sa su a lig, koci ba a biyansa, rafali ba a biyansa, mai rubuta sakamako a littafi shi ma haka.

MYSA ta wannan ukun ce, ko da yake tana da 'yan ma'aikata masu albashi a hedikwata, kuma daga baya ta haifi kulob ɗin ƙwararru, wanda shi ne ma ya sa ake rikita ta da na farkon. Amma in aka ɗora ma'aikatan nan a sikeli da yawan kociyoyi da rafali da shugabannin shiyya da ke aiki kyauta, to ba a ma fara awo ba.

Yadda aka fara a 1987

Mathare kwari ne da ke bin gaɓar wani kogi mai wannan suna, 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiyar Nairobi, dā can wurin fasa dutse ne, daga baya ya cika da ɗakunan laka da kwano a cunkushe, mutane dubu ɗaruruwa, babu isassun magudanan ruwa, babu masu kwashe shara. A 1987 Munro, ɗan ƙasar Kanada da ke aikin ba da shawara kan muhalli da raya ƙasa, ya shiga unguwar ya tarar da yara suna buga ƙwallo. Ƙwallon ba ta kanti ba ce, ledoji ne ake tattarowa a cusa wata cikin wata a dunƙule, sannan a ɗaure da igiya a zagaye ta ko'ina har ta yi tauri, su suna ce mata juala. Ba ta tashi sama sosai, in ta sha duka igiyar ta kwance sai a tsaya a sake ɗaurewa a ci gaba. Yaran suna da ƙwallo, suna da ƙafa, suna da son wasan, abin da babu shi ne tsari: ba rafali, ba jadawali, ba wanda zai ce tim kaza za ta haɗu da tim kaza ranar Asabar.

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne yarintarsa a garin St. Catharines na lardin Ontario, inda iyaye maza ne ke shirya wa yara gasa a lokacin hutunsu ba tare da an biya su ko sisi ba. Wannan wurin yana da muhimmanci, don yana nuna cewa abin da ya ɗauko daga gida dabara ce, ba buhun kuɗi ba. Ya yi musu alƙalanci, sannan aka ƙulla wata yarjejeniya da har yau ita ce ƙashin bayan ƙungiyar: in kun yi wani abu MYSA za ta yi wani abu, in ba ku yi komai ba ita ma ba za ta yi komai ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya kenan.

Maki shida na shara

Nan ne ni abin ya fi burge ni, kuma nan ne MYSA ta bambanta da sauran.

Tun a 1988 aka haɗa lig ɗin da tsaftace unguwa. Tim in ta ci wasa tana samun maki uku kamar ko'ina, amma in ta fito ta kammala aikin gayya na kwashe shara da yashe kwata, sai a ba ta maki shida a kan teburin gasa. Ka tsaya ka yi lissafin nan da kyau. Safiya ɗaya da shebur da manjagara da baro daidai take da cin wasa biyu. Ma'ana tim ɗin da ta fi kowa iya taka leda, in ta ce ita ta fi ƙarfin shiga kwata, to tim ɗin da ba ta kai ta ba za ta iya wuce ta a tebur ta ɗauke kofi tana kallo.

Ka ɗauki yaro ɗan shekara 12 da ke kyaftin. Shi ne zai bi ɗaki ɗaki da sassafe yana tada abokansa, don ya san in mutum huɗu suka maƙale aikin ba zai kammalu ba, makin ya tafi. Za su je su karɓi kayan aiki, su shiga lambatun da ya toshe da leda da ruɓaɓɓen abinci, wasu na tona wasu na lodawa a baro wasu na turawa zuwa inda mota za ta iya shigowa, wani babba daga shiyya yana tsaye yana duba ko an yi aikin yadda ya kamata kafin ya rubuta. Ba wanda ya tara su ya yi musu lacca kan amfanin tsafta, ba wanda ya ce musu ku zama 'yan ƙasa nagari, kawai an ɗauki abin da suka fi so a duniya an ɗaure shi da abin da unguwa ta fi buƙata. Kuma a wuri irin Mathare, inda kwata in ta toshe da damina ƙazanta ke shiga har cikin ɗaki ta kawo kwalara da taifot, wannan aikin ba na ado ba ne, rai yake karewa.

A 1992 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda hedikwatarta ma a Nairobi take, ta ba ƙungiyar lambar yabo ta Global 500 saboda wannan.

Su wa ke mulkin ƙungiyar?

Yaran da kansu, kuma wannan shi ne amsar masu cewa Bature ne komai. An raba yankin zuwa shiyyoyi 16, har da unguwannin da ke kewaye da Mathare, kowace shiyya tana da kwamitinta da matasa ke zaɓa daga cikinsu, su ne ke tsara jadawali, su raba filaye, su saurari ƙorafi in an yi rigima a wasa. Mafi yawan kociyoyin samari ne da 'yan mata da ba su wuce shekara goma sha ba, ɗan 16 yana koyar da 'yan ƙasa da 12, shi kuma gobe ɗaya daga cikin yaransa ne zai karɓi usur. A shekarun 2010 adadin matasan da ke cikin ƙungiyar ya haura 25,000.

Toh me ɗan sa kai ke samu? Ba albashi, amma akwai tsarin maki na shugabanci, wanda ya fi tara maki ta hanyar koyarwa da alƙalanci da aikin gayya ana ba shi tallafin karatu, kuma kuɗin makarantarsa ake turawa, ba hannunsa ake danƙawa ba. Wasu za su ce ai wannan ma biya ne ta bayan gida. Ni ban ga laifinsa ba wallahi, yaron da gidansu ba a da tabbacin abincin dare, ka ce ya ba da Asabar da Lahadinsa kyauta shekara da shekaru ba tare da ko kuɗin makaranta ba, wannan ba adalci ba ne.

Shigowar 'yan mata da sauran rassa

Sai a 1992 aka fara lig ɗin 'yan mata, kuma bai zo da sauƙi ba. Yarinya ita ke ɗebo ruwa, ita ke rainon ƙanne, ita ke wanki, iyaye kuma suna tsoron hanyar zuwa fili da dawowa, ga masu cewa ƙwallo ba ta mata ba ce. Dole aka riƙa bin iyaye ana lallashi, ana gyara lokutan wasa su dace da aikin gida. Daga cikin waɗanda suka taso a wannan tsarin akwai Doreen Nabwire, wadda a 2009 ta koma Werder Bremen ta Jamus, ta zama mace ta farko 'yar Kenya da ta buga ƙwallon ƙwararru a Turai.

Sauran rassan a taƙaice: wayar da kai kan cutar ƙanjamau tun 1994, inda matasa ke yi wa 'yan uwansu bayani a bakin fili kafin a take wasa, shirin ɗaukar hoto na Shootback a 1997 da aka ba yara kyamara su ɗauki rayuwarsu da idonsu, ɗakunan karatu a cikin unguwa, da kuma kai irin wannan tsarin sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke arewa maso yammacin Kenya a 1999.

Mathare United da zuwan suna

A 1994 aka kafa Mathare United, don yaran da suka girma suka wuce lig ɗin matasa su samu inda za su ci gaba. Kafin a ankara ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, wanda a lokacin ake kira Moi Golden Cup, a 1998 ta kuma maimaita a 2000, sannan a 2008 ta lashe gasar firimiyar Kenya gaba ɗaya ƙarƙashin koci Francis Kimanzi, wanda daga baya ya riƙe tim ɗin ƙasa ta Harambee Stars. Dennis Oliech ta nan ya bi ya tafi Qatar, daga can Faransa, ya buga wa Nantes da Auxerre. 'Yan wasan kulob ɗin ma ba a ɗauke musu aikin al'umma ba, yana cikin sharuɗɗan zamansu.

A waje kuma a 1990 timomin MYSA suka fara zuwa gasar matasa ta Norway Cup a Oslo. An sa sunan ƙungiyar cikin waɗanda aka gabatar don kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2003 da 2004, ta karɓi lambar yabo ta wasanni ta duniya ta Laureus a 2004, ta ci gasar ƙwallon titi ta duniya da aka yi a Balin a 2006 lokacin kofin duniya, ta sake cin irinta a Afirka ta Kudu a 2010.

Duk wannan abin alfahari ne, amma fa a lura, cikin yara dubu ashirin da wani abu, nawa ne za su zama Oliech? Ko ɗaya cikin dubu ba za a samu ba. In da fitar da ƙwararru ne aikin ƙungiyar, to da ta faɗi warwas tun tuni. Sauran dubban da ba wanda ya san sunansu, waɗanda suka koyi tsayawa gaban mutane su yi magana, suka koyi riƙe littafin lissafi da raba gardama ba da dutse ba, su ne ainihin amfanin gonar.

Inda matsala ke shigowa

Suna yana jawo kuɗi, kuɗi kuma yana zuwa da nasa. Wannan ba a Mathare kaɗai ba ne, kusan duk ƙungiyar sa kai da ta yi girma ta sha wannan ruwan, shi ya sa yake da kyau a leƙa wata a gani.

A Amurka akwai Little League, ƙungiyar wasan besbol ta yara, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda. Wani ma'aikacin kamfanin katako mai suna Carl Stotz ne ya kafa ta a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, da tim uku kacal, kowace an samu mai ɗaukar nauyinta da dala 30. Da abin ya bunƙasa kamfanoni suka shigo, aka fara gasar duniya a 1947, sai Stotz ya ga ana mayar da wasan yara kasuwanci, rigima ta kai har kotu, a tsakiyar shekarun 1950 ya rabu da ƙungiyar da ya kafa da hannunsa. Ita ma ba ta buɗe wa 'yan mata ƙofa ba sai 1974 bayan shari'a. A 2001 kuma aka gano wani yaro da ya yi fice a gasarsu ta duniya shekararsa 14 ne ba 12 ba, aka soke sakamakon tim ɗinsa. Manya ne suka shirya takardun, ba yaron ba.

MYSA ma ta shiga nata gwajin. A 2012 gidauniyar Strømme ta ƙasar Norway, wadda ta daɗe tana tallafa mata, ta janye bayan wani rahoto da ya ƙunshi zarge-zargen rage shekarun 'yan wasa da cin zarafin 'yan mata da rashin tsari a harkar kuɗi, shugabannin ƙungiyar kuma suka ƙalubalanci rahoton. Ko ma yaya aka ɗauki maganar, akwai abin da ya fito fili game da yadda irin wannan tsarin yake. Ranar da aka ce koci ne zai zaɓi yara goma sha da za su hau jirgi zuwa Turai, ko shi ne zai sa hannu a ba wani tallafin karatu, to an ba shi iko babba a kan yaran da ba su da komai, kuma in babu wanda ke sa ido a kansa, babu inda yarinya za ta kai ƙara a asirce, to an bar ƙofa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kyakkyawar niyyar mutum ɗari ba ta hana mutum ɗaya ɓarna, abin da ke hanawa shi ne doka a rubuce, tantance duk wanda zai kusanci yara, da hana babba keɓewa da yaro shi kaɗai.

Sai kuma dogaro da tallafin waje. Mai ba da tallafi yana da nasa lissafin, yau hankalinsa na kan wasanni gobe ya koma wani fanni, in ya tafi albashin hedikwata da motar kwashe shara da tallafin karatu duk sai su girgiza lokaci guda. Ɓangaren ƙwararru ya fi jin jiki, don shi ba ya tafiya sai da kuɗi: Mathare United ta yi fama da rashin masu ɗaukar nauyi har ta kai ta kasa fita wasu wasanni, ta faɗa rukuni na biyu a 2023, ta dawo firimiya a 2024. Amma a duk tsawon wannan lokacin yara ba su daina buga lig a shiyyoyi ba, saboda shi wannan ɓangaren da ƙafa da usur da ƙwallo ɗaya yake tafiya.

Ɓangarorin da ke jayayya

Masu suka suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa kwashe shara aikin hukumar birni ne, mutanen Mathare ma 'yan ƙasa ne, don me za a bar yara ƙanana su shiga kwata, wani lokaci ba safar hannu ba takalmin roba, alhali a unguwannin masu kuɗi mota ce ke zuwa ta kwashe? Suna ganin aikin sa kai yana iya zama mayafin da hukuma ke rufe gazawarta da shi. Kuma gaskiya ne, shekara kusan 40 ana yashe kwata amma Mathare tana nan a cunkushe, ambaliyar watan Afrilun 2024 ta ci rayuka a kwarin ta share gidaje, bayanta gwamnati ta rushe na bakin kogi. Ƙwallo ba ta gina magudanar ruwa.

Masu goyon baya kuma suna cewa to a zauna a jira har yaushe? Yaron da ke da shekara 10 yau ba zai dakata da girma ba har sai hukuma ta farka. Na fi karkata nan, da sharaɗin kada a ɗora wa ƙungiyar abin da ba ta ce za ta yi ba, kuma kada hukuma ta fake da ita.

Akwai jayayya ta biyu a cikin gida, tsakanin masu son a zuba ƙarfi kan fitattun yara don su ne ke jawo suna da masu tallafi, da masu cewa kowane yaro ya buga ko bai iya ba. Wata ƙungiyar ƙwallon yara ta Amurka, AYSO, da aka kafa a 1964 a Torrance ta jihar Kalifoniya, ta yanke wannan gardamar da doka: duk yaron da aka yi wa rajista sai ya buga aƙalla rabin wasa, kuma ana rarraba gwanaye a timomi don kada su taru wuri ɗaya. Koci mai son kofi ba ya jin daɗin irin wannan dokar, amma uwar yaron da kullum yake benci ta san darajarta.

Me wannan ke nufi ga iyaye da yaran unguwar?

Ga uwa a Mathare lissafin a fili yake. Awannin da ɗanta ke fili ko wurin aikin gayya awanni ne da ba ya hannun 'yan daba ko masu sayar da ƙwaya, kuma ba ta biya kuɗin akadami ba. In ya dage da koyarwa da alƙalanci wataƙila kuɗin makarantarsa ya fito daga nan. Abin da ya rage mata shi ne ta san wane ne kocin, ta san inda ake kai ƙara in wani abu ya faru, kuma ta yi hattara da duk wanda ya zo da sunan ejan yana neman kuɗi wai zai kai yaro Turai, don irin waɗannan suna shawagi ne a duk inda yara masu baiwa suka taru.

Babbar barazanar da ke gaba ma ba rasuwar wanda ya kafa ba ce, fili ne. Nairobi tana cika, duk wani sarari ana sa masa ido, filayen makarantu da na hukuma da ake aro ana katange su ko a yi gini a kai, kuma lig mai timomi sama da dubu yana buƙatar wurin bugawa kowace Asabar da Lahadi. Bayan fili sai lokacin mutane, don matashin da tsadar rayuwa ta tura shi aikin acaɓa ko leburanci tun asuba ba shi da Asabar ɗin da zai bayar, kuma duk kocin da ya tafi ba a samu madadinsa ba, tim guda ce ta yara goma sha biyar ko ashirin ke watsewa.